Lacca a Kan Cikin Zomo da Abincin da Ya Dace da Shi

An tsara wannan lacca ne domin Hakimai da malamansu na ƙasar Sabon Birni da ta Isa, don su karanta su fahimta, sa'an nan su bayyana wa dagatai da masu unguwa, su kuma su isar wa talakawa. Mai yiwuwa ne wani ya ce zomo bai kai matsayin da za a tara manyan ƙasa a kansa ba. Amma wanda ya san abin da ya sami ƙasar Gobir ba zai faɗi haka ba. Tun daga wajen shekara ta 2019 ɓarayin daji suka addabi wannan yanki, suka kore shanu da tumaki masu yawa, har mutane da dama suka bar ƙauyukansu suka koma manyan garuruwa, waɗansu kuwa suka ƙetara iyaka zuwa ƙasar Maraɗi. Mutumin da aka kore wa garke, ko wanda ya bar gidansa ya raɓa a gidan ɗan'uwa, ba shi da filin da zai ɗaure sa, amma da wuya ya rasa lungun da zai aje keji. Zomo ba ya kuka balle a jiyo shi daga nesa, ba a kai shi daji kiwo, kuma zomanya takan haihu bayan kwana 31 da barbara, sau da yawa 'ya'ya biyar ko shida ko fiye. Yaro yakan yi kiwonsa don sha'awa, ya shaƙu da shi kamar aboki. Mace kuwa takan sayar da ɗaya ko biyu ta yi cefane, ko ta sayi magani.

Abin baƙin ciki shi ne, sau da yawa akan wayi gari da zomaye goma a keji, kafin mako ya zagayo saura biyu, sai a ce iska ce, ko kambun baka, ko annoba. Alhali kuwa masanan kiwon zomo sun haɗu a kan cewa ciwon ciki ne kan gaba cikin abubuwan da ke kashe zomaye, tun ba ma ƙanana waɗanda aka yaye ba. Galibin wannan ciwo kuwa daga kaskon abinci yake fitowa, watau daga hannun mai zomon, wanda bai nufe shi da kome ba sai alheri. Yakan cika masa kasko da tsabar hatsi da sauran tuwo don ya yi ƙiba, ya rage masa ciyawa don yana ganin ba ta da daraja, in kuwa ya ga ya yi laushi sai ya fasa masa kafso a ruwa. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa ciyawa ce ran zomo, a kuma bayyana dalilin haka, gama mutum ya fi riƙe doka in ya san dalilinta.

Zomon Gida da Zomon Daji

Da farko ya kamata a bambanta zomon daji da na gida. Wanda mafarauta ke bi da karnuka a dajin Gobir, wanda kuma ake ba da tatsuniyarsa, ya fi dogayen kunnuwa da dogayen ƙafafu. Ana haifar 'ya'yansa da gashinsu, idanu a buɗe, ba ya haƙa rami, ba ya kuwa jure zaman keji. Na gida asalinsa daga ƙasashen Sifen da Fotugal ne, daga can ya yaɗu cikin duniya ta hannun Turawa. Ana haifar 'ya'yansa tsirara, idanu a rufe, sai bayan wajen kwana 10 su buɗe. Ko an haɗa na daji da na gida ba a samun 'ya'ya.

Amfanin sanin wannan shi ne, kakannin zomon gida sun rayu ne a kan ciyawa mai kaushi a ƙasa mai ƙarancin albarka, suna fita kiwo da almuru da asuba, suna shigewa rami in rana ta yi zafi. Cikin jikokinsu har yanzu yana nan kamar nasu, bai sake ba. Daɗin daɗawa, zomon daji yana da ƙasa duka, shi ke zaɓen abin da zai ci ya bar abin da zai cuce shi. Na keji kuwa abin da aka zuba masa shi zai ci, ko mai kyau ko mugu. Saboda haka wanda ya tsare dabba a keji ya ɗauki haƙƙin cinta da shanta a wuyansa.

Yadda Cikin Zomo Yake Aiki

Aikin yana somawa daga baki. Zomo yana da haƙora 28, dukansu kuwa ba sa daina tsiro har ya mutu. Na gaba sukan ƙaru wajen milimita 2 kowane mako. Taunar ciyawa ce take goge su, kamar yadda niƙa ke cin dutse. In aka hana shi ciyawa sai haƙoran su yi tsawo, su karkace, su riƙa yankar harshe da kumatu, ya dinga dalalar da miyau, daga nan ya daina cin abinci.

Na biyu, zomo ba ya amai. Abin da ya haɗiye ya shiga ke nan, ba shi da hanyar fita sai ta baya. In guba ce tilas ta ratsa jikinsa duka, in kuwa iska ta taru a tumbinsa da wuya ta fito ta baki.

Na uku, zomo ba ya tuƙa kamar saniya ko akuya, amma Allah Ya ba shi wata dabara dabam. A inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba akwai wata jaka wadda ta fi tumbin kansa girma nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa feɗe zomo ya gan ta a naɗe, ta cika ciki. A cikin wannan jaka akwai ƙwayoyin halitta ƙanana ba iyaka, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, su ne ke ruɓar da ciyawa su fitar da amfaninta. Babban hanji shi ke tankaɗe abinci: ya tura mai kaushi waje, shi ne kashin nan busasshe mai ƙwaya-ƙwaya, mai laushi kuwa ya mai da shi baya cikin jakar. Mai kaushin nan, ko da yake kamar ba ya ƙara wa jiki kome, shi ne ke motsa hanji. Muddin yana wucewa hanji yana tafiya, ran da ya yanke hanji ya tsaya. Lafiyayyen zomo babba yakan yi ƙwayar kashi 150 ko fiye a yini.

Na huɗu, abin da ya nuna a cikin jakar yakan fito a matsayin wani kashi dabam, mai laushi, mai sheƙi, a cure wuri guda, galibi da tsakar dare ko da safe. Zomo yakan sunkuya ya karɓe shi da baki tun daga mafita, ya haɗiye. Wanda ya ga haka kada ya ɗauka ƙazanta ce ko yunwa, kada kuma ya hana shi. Ta nan ne yake samun abin gina jiki da bitamin waɗanda ƙwayoyin nan suka sarrafa masa. Watau abincin zomo sau biyu yake bi ta cikinsa.

To, ga inda ɓarna take aukuwa. Tsabar gero da dawa da masara, da tuwo da fura da burodi, abinci ne masu gari. In zomo ya ci su da yawa, hanjin sama ba ya iya narkar da su duka, sai ragowar ta faɗa cikin jakar. A nan miyagun ƙwayoyi sukan sami abin da suke so, su hayayyafa, su rinjayi nagari, su cika ciki da iska da dafi. Daga nan sai kumburi, ko zawo, ko tsayawar ciki.

Abincin da Ya Dace

Kashi huɗu cikin biyar na abincin zomo ya zama ciyawa da harawa. Ma'aunin da yaro zai iya riƙewa shi ne, kowace rana a ba zomo tarin ciyawa wanda ya kai girman jikinsa, kada kuma a bar kejin ba ciyawa ko da sa'a ɗaya, dare da rana, gama da dare ya fi ci. A rataye ta a jikin keji, ko a sa ta cikin raga, don kada ya tattake ta ya yi fitsari a kai.

Ƙasar nan tana da ciyayi masu kyau: kyasuwa tun ba ta tsufa ba, da harkiya, da guɗe-guɗe, da kiri-kiri, da ɗanyar gamba, da burgun fadama, da gadagi wanda masu dawaki suka sani. Harawar gyaɗa da ta wake sun fi ciyawa gina jiki, su ne suka fi dacewa da zomanya mai ciki ko mai shayarwa, da ƙanana masu tasowa. Amma babban zomo da ke zaune kawai, a riƙa gauraya masa harawa da ciyawa, don harawa zalla takan sa shi teɓa, fitsarinsa ya yi kauri kamar an dama alli. Ɗanyen ganye kuwa, kamar na dankalin Hausa, da zogale, da ganyen karas, da yaɗiya, a ba shi kamar damƙi biyu a yini, iri biyu ko uku a haɗe. Kabeji da salak a ba shi kaɗan, ba kullum ba.

Dusa tana da amfani, amma da awo. Babban zomo wajen giram 25 ga kowane kilo na nauyinsa ya ishe shi, watau mai kilo 2 tafin hannu guda a yini, da ɗan tsunkulen gishiri a ciki. Mai shayarwa a riɓanya mata, amma a hankali. In an jiƙa dusa, abin da bai cinye ba a zubar kafin ya yi tsami.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa wai zomo ba ya shan ruwa, har ma wai ruwa ne ke sa shi zawo. Wannan magana ba ta da tushe, ta kuwa kashe zomaye da yawa. Zomo mai kilo 2 yakan sha kusan rubu'in lita a yini, mai shayarwa kuwa da bazara rabin lita ko fiye. In ba ruwa, abin da ke cikinsa sai ya bushe ya daskare, ya ƙi wucewa. A ba shi ruwan da mutum zai iya sha, cikin kasko mai nauyi wanda ba zai kifar ba, a kuma wanke kaskon kullum.

Doka ta ƙarshe a wannan babi ita ce, kada a sake wa zomo abinci farat ɗaya. Ƙwayoyin da ke cikinsa suna bukatar lokaci kafin su saba da sabon abu. In za a sake, a soma da kaɗan a cikin tsohon abincin, a riƙa ƙarawa har mako ɗaya ko biyu. Wanda ya sayo zomo a kasuwar Shinkafi ko ta Sabon Birni, ya tambayi mai sayarwa abin da ya saba ci, ya ci gaba da shi tukuna.

Abin da Ba a Ba Zomo

Kada a ba shi tumfafiya, ko zaƙami, ko zurman, ko bini-da-zugu, ko duman rafi, ko ganyen taba. Kada a ba shi albasa ko lawashinta ko tafarnuwa, gama suna lalata jininsa. Kada a ba shi ganyen tumatir, ko na dankalin Turawa, ko ɗanyen ɓawon rogo, ko gyauron dawa wanda makiyaya suka riga suka san sharrinsa. Ciyawar da ƙarangiya ta cika ta a tsince ta tukuna.

Abincin kajin gidan gona da ake sayarwa cikin buhu bai dace da zomo ba. Ba shi da kaushi, kuma akwai waɗanda masana'anta ke zuba wa wani magani wanda kaza ke jurewa amma ya kashe zomo.

Sai kuma abin da ya yi funfuna. A shekara ta 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci garin gyaɗa da aka sayo daga Barazil. Da aka bincika sai aka gano wani dafi da funfuna ke haifarwa a jikin gyaɗa da masara, aka sa masa suna afalatoksin. Zomo yana cikin dabbobin da wannan dafi ya fi saurin yi wa lahani, yakan lalata masa hanta. Saboda haka ƙuliƙuli ko dusa ko harawar da ta yi ruma, ta yi baƙi ko kore, ko take warin tsami, wuta ce maganinta. Shanya ta a rana ba ya kawar da dafin.

Abin Lura a Lokutan Shekara

Da kaka ake shirin shekara. Lokacin nan ne harawa take da araha, ciyawa kuma tana ko'ina. A yanka, a busar da kyau tun tana da sauran kore, a ɗaure, a ɗora bisa rumfa ko wani wuri da ba ya taɓa ƙasa, inda ruwa ba zai same ta ba. Wannan tanadi yana da wani amfani wanda ya fi zomon kansa, domin gidan da ya tara harawa ba zai aiki yaro nesa da gari yankan ciyawa da rani ba. Ya kamata Hakimai su ja kunnen iyaye a kan wannan. Zogale kaɗan a bayan ɗaki, da kunya ɗaya ta dankali inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, za su rage fita ƙwarai.

Da rani masu lambu a fadamun gulbin Rima da na Bunsuru sukan sami ganye mai yawa wanda ba sa bukata. Yana da kyau, amma sai a tambayi mai lambun ko ya yi feshin maganin ƙwari kwanan nan. In ya yi, a bar ganyen, don wankewa ba ta isa ba.

Da bazara zafi ne abokin gaba. Zomo ba ya gumi kamar mutum, ta kunnuwa da numfashi yake fitar da zafi. In zafi ya wuce digiri 30 na ma'aunin salshiyas yakan rage ci, in ya wuce 35 ransa yana cikin haɗari, alhali a ƙasar Sakkwato cikin Afrilu da Mayu zafi yakan haura 40. Zomon da ya rage ci kuwa cikinsa ya soma tsayawa ke nan. A aje keji ƙarƙashin itace ko rumfar kara inda iska ke ratsawa, kada a rufe shi da kwano tsirara. A jiƙa buhun algarara a rataya a gefe, a ba da babban abinci da yamma da asuba.

Da damina kuwa sabuwar ciyawa ce ke yaudarar mutane. Zomon da ya yi wata shida yana cin busasshe, in aka cika masa keji da ɗanyar ciyawar farkon ruwa sai cikinsa ya ruɗe. A baza ta a inuwa ta kwana, ta yi yaushi, kana a ba shi kaɗan tare da busasshiyar. Kada a tara ɗanyar ciyawa cikin buhu har ta ɗauki zafi.

Har wa yau da damina ne cutar da likitoci ke kira koksidiya ta fi yawa. Ƙwayarta tana fita cikin kashi, ta yi kwana biyu ko uku a wuri mai laima kafin ta nuna, sa'an nan wani zomo ya ci ta tare da abinci. Takan kama hanji, wani irin kuma ya kama hanta, har in an feɗe a ga ɗigo-ɗigo fari a jikin hantar. Tun da sai ta kwana biyu take nuna, wanda ke share keji kullum ya yanke mata hanya. Ƙanana ta fi kashewa. Saboda haka kada a yi gaggawar yaye: a bar su da uwarsu har mako shida, kada kuma a sake musu abinci a makon da aka raba su da ita.

Alamun Ciwo da Abin da Za a Yi

Zomo dabba ce mai ɓoye ciwo, gama a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara kamawa. Amma kashinsa ba ya ɓoye kome. Ya kamata kowane yaro mai kiwo ya duba ƙarƙashin keji kowace safiya kafin ya zuba abinci.

In kashin manya ne, kewayayyu, masu farfashewa a ga ciyawa a ciki, lafiya lau. In ya soma ƙanƙancewa, yana baƙi yana tauri, yana raguwa, ciki ya fara tsayawa. In ƙwayoyin suna haɗe da gashi kamar carbi, a ƙara ciyawa da ruwa. In ana ganin kashin nan mai laushi zube a keji ko manne a gindinsa, alama ce dusa ko tsaba ta yi yawa, sai a janye su, a bar shi da ciyawa da ruwa, a kuma wanke masa gindi don kada ƙuda ya yi masa tsutsa. In kuwa zawo ne tsararo, ko majina kamar farin ƙwai, tun ba ga ƙarami ba, to abin gaggawa ne.

Zomon da ya yi sa'a 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, ya takure a lungu yana cizon haƙora, yana cikin haɗari, kada a ce a bari sai gobe. A ware shi, a kawar da dusa, a sa masa ciyawa mai kyau da jiƙaƙƙen ganyen da ya fi so. A ɗiga masa ruwa kaɗan kaɗan ta gefen baki da sirinji maras allura, a sake shi ya yi tafiya a tsakar gida. Da hunturu a lulluɓe shi, da bazara a kai shi inuwa. Amma in ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, kada a matsa shi, kada a ɗura masa kome. Kada a ɗura masa mai, ko ruwan kanwa, ko maganin wankin ciki. A nemi malamin dabbobi nan da nan.

Maganar Kafso

Wannan ita ce maganar da ta fi bukatar a yi shelarta. Akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta waɗanda ke warkar da mutum da kaza da akuya, amma in zomo ya sha su ta baki sai su kashe nagarin ƙwayoyin da ke cikin jakar nan, su bar wa miyagu fili. Bayan 'yan kwanaki sai zawo ya ɓarke, zomo ya mutu, mai shi yana cewa cutar ce ta fi ƙarfin magani. Daga cikinsu akwai fenisilin, da amfisilin, da amoksisilin, da kafson nan da ake kira Ampiclox, da linkomaisin, da eritiromaisin. Akwai magungunan da suka dace da zomo, har da na koksidiya, amma malamin dabbobi ne zai zaɓa, shi zai faɗi awo gwargwadon nauyi. Bai kamata mai shagon magani ya sayar wa yaro kafso don zomo ba.

Akwai kuma wata annoba wadda ba ruwanta da abinci, ya kamata a san ta don kada a rikita su. An fara ganinta a ƙasar Sin a 1984, ta kuma ɓulla a Nijeriya a 2020, ta kashe zomaye masu yawa a jihohin Kwara da Oyo. Alamarta ita ce zomaye masu ƙiba, waɗanda suka ci abinci jiya, su faɗi matattu da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci da jini a hanci. In aka ga haka a hana fita da zomaye daga unguwar, a binne matattun da zurfi, a kai rahoto. Don gudun wannan da waɗansunta, duk sabon zomo a ware shi mako biyu kafin a haɗa shi da na gida.

Aikin Hakimi da Malaminsa

Talaka ya fi jin maganar da ta fito daga bakin uban ƙasarsa. Saboda haka ana roƙon Hakimai su sa dagatai da masu unguwa su maimaita wa jama'a waɗannan dokoki biyar, a ƙofar fada, da kasuwa, da makarantu, su kuma tabbata maganar ta shiga cikin gida wurin mata:

1. Ciyawa ko harawa a gaban zomo dare da rana.
2. Ruwa mai tsabta kullum.
3. Dusa da awo, ban da tsaba da tuwo da abin da ya yi funfuna.
4. Sabon abinci a hankali, cikin mako ɗaya ko biyu.
5. Ba kafso sai da izinin malamin dabbobi.

Malamin Hakimi kuwa ya buɗe shafi a littafinsa. In aka kawo labarin mutuwar zomaye, ko daga Gatawa ne, ko Tsamaye, ko Turba, ko Bafarawa, ya rubuta ranar, da sunan ƙauyen, da yawan zomayen gidan, da yawan waɗanda suka mutu, manya ne ko ƙanana. Ya rubuta abin da suka ci cikin kwana uku kafin ciwon, da yadda kashinsu ya kasance, da maganin da aka ba su in an ba su, da ko an kawo baƙon zomo kwanan nan. Da wannan rubutu malamin dabbobi na ƙaramar hukuma zai iya gane ko abinci ne ko annoba tun bai iso ba. In abin ya fi ƙarfinsa akwai asibitin koyar da likitocin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos wadda aka kafa a 1924, akwai kuma cibiyar binciken kiwo ta Shika kusa da Zariya, inda ake nazarin kiwon zomo.

Hausawa sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Haka ma amfaninsa, sai an tashi an yanko ciyawa da kaka, an share keji da safe, an wanke kasko. Duk abin da aka lissafa a wannan lacca babu wanda ya fi ƙarfin talaka, galibinsa ma ragin kashe kuɗi ne, gama ciyawa ta fi tsaba araha, barin kafso kuwa ba ya cin ko kwabo. Yaron da ya koyi auna dusa da duba kashin dabbarsa kowace safiya, shi ne zai iya riƙon akuya da saniya ran da garke ya dawo. Allah Ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya, Ya mayar wa kowa da abin da ya rasa.